Tambayoyin Masu Karatu: Ya Dace Gwamnati Ta Ceto Kamfanin Mota Idan Tattalin Arziki Ya Karye?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni bakanike ne, ko fita kamar yadda muke faɗa a nan, shekarata 34 ina aikin inji a Suame Magazine, babbar unguwar bakanikai ta Kumasi, gidana kuma yana Aboabo. Kwanakin baya muna zaune a ƙofar shago bayan sallar la'asar sai gardama ta kaure tsakanina da ɗan ƙanena wanda ya gama jami'a bara. Shi ya dage a kan cewa duk lokacin da tattalin arziki ya karye, wajibi ne gwamnati ta fitar da kuɗi ta ceto kamfanonin ƙera motoci na ƙasarta, domin a cewarsa abin da Amurka ta yi ke nan har ta tsira, kuma Ghana ma haka ya kamata ta yi wa masu haɗa mota a Tema da Accra in kasuwa ta juya musu baya. Ni kuwa na ce masa kamfani ɗan kasuwa ne kamar ni, ranar da ya ci riba bai kira kowa rabo ba, kuma shekarar da sidi, kuɗin Ghana, ta faɗi muka rasa kuɗin sayen kayan gyara ba mu ga wanda ya zo ya ɗaga mu ba. Mun tashi ba wanda ya sauko. Don Allah a warware mana.

Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi

Amsa

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a sana'a. Ɗanka yana da gaskiya a kan Amurka ta wancan lokaci, kai kuma kana da gaskiya a kan Ghana ta yau, kuma in aka ce lallai sai na zaɓi ɓangare to ina bayanka. Sai dai dalilina ya ɗan bambanta da naka, shi ya sa nake roƙon ka yi haƙuri mu bi labarin daga tushe.

A shekarar 2007 an sayar da sababbin motoci sama da miliyan 16 a Amurka, amma a 2009 abin da aka sayar bai wuce miliyan 10 da 'yan ɗoriya ba. Farashin fetur ne ya fara hawa a tsakiyar 2008, mutane suka ja baya daga manyan motoci masu shan mai waɗanda kamfanonin birnin Detroit suka dogara da su. Ana cikin haka bankin Lehman Brothers ya rushe a watan Satumba, bankuna suka rufe hannu, alhali yawancin Amurkawa da bashi suke sayen mota, dillalai ma da bashi suke cika wuraren ajiyarsu. A watan Nuwamba shugabannin kamfanonin Detroit ɗin uku, wato General Motors da Ford da Chrysler, suka je gaban Majalisar Dokoki suna neman agaji, kowannensu a jirgin sama na kamfaninsa, abin da ya fusata jama'a ƙwarai, domin ba a saba ganin mai roƙo a kan ingarman doki ba. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa, sai Shugaba George Bush ya ɗebi dala biliyan 17.4 daga asusun dala biliyan 700 da aka ware don ceto bankuna, ya ranta wa General Motors da Chrysler a watan Disamba. Ford bai karɓi wannan kuɗi ba, saboda tun 2006 ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har da tambarinsa, ya ciyo bashin sama da dala biliyan 23 tun kasuwa tana da kyau.

Abin da ya kamata ka lura da shi, Baba, shi ne shugaban Ford ya goyi bayan a ceto abokan hamayyarsa. Mota guda tana ɗauke da dubban sassa, kuma mafi yawansu ƙananan kamfanoni ne ke yin su: wani kujeru, wani gilashi, wani wayoyin lantarki, wani birki. Kamfanin da ke kai wa General Motors kujeru sau da yawa shi ne ke kai wa Ford da Toyota, in babban mai sayensa ya faɗi da bashinsa a wuya to shi ma ya faɗi, sauran kuma aikinsu ya tsaya saboda rashin kujera. Kai ka fi ni sanin wannan, domin in mai wanke kurankishaf na layinku ya rufe shago, injin da ka kwance zai yi mako a ƙasa ko da sauran kayan duka suna hannunka. Gemun maƙwabci ne ya kama da wuta, Ford kuma ya nemi ruwan shafa wa nasa. Wata cibiyar binciken harkar motoci da ke jihar Michigan ta ƙiyasta cewa ayyukan da aka tsirar sun haura miliyan ɗaya. Akwai masana da ke ganin adadin ya yi yawa, amma ko su ba su musa cewa a wannan hunturu babu wani banki mai zaman kansa da ke shirye ya ranta wa kamfanin mota dubban miliyoyi ba.

Inda ɗanka bai kai ba shi ne sharuɗɗan da suka biyo kuɗin. Da Barack Obama ya hau mulki, gwamnatinsa ta sa shugaban General Motors, Rick Wagoner, ya sauka a watan Maris na 2009. An tura Chrysler kotun karyayyun kamfanoni a ƙarshen Afrilu, ya fito a ƙarƙashin jagorancin Fiat na Italiya. General Motors ya shiga kotun ranar 1 ga Yuni, ya fito bayan kwana 40 a matsayin sabon kamfani wanda Baitulmalin Amurka ke riƙe da kusan kashi 61 cikin ɗari na hannun jarinsa, Kanada da lardinta na Ontario kuma kusan kashi 12. Masu hannun jari na dā sun tashi a tutar babu. Waɗanda suka ba kamfanin bashi sun karɓi ɗan abin da ya samu. An rufe masana'antu, an sallami dubban ma'aikata, an yanke hulɗa da dillalai masu yawa, an binne sunayen motoci irin su Pontiac da Saturn, ƙungiyar ƙwadago ma ta amince ba za ta shiga yajin aiki ba har 2015. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma gwamnatin Amurka ta tsaya a kai sai da aka yi askin. A ƙarshe, daga kusan dala biliyan 80 da aka zuba, an dawo da mafi yawa, asarar ta tsaya a wajen dala biliyan 9, kuma gwamnati ta sayar da ragowar hannun jarinta na General Motors a Disamba 2013 ta fita. A ganina wannan kuɗi ya biya bukata, domin abin da za a kashe wajen tallafa wa marasa aiki da biyan fanshon da kamfanonin za su bari zai iya zarce haka nesa.

Duk da haka ƙorafinka yana nan daram, kuma ba ƙaramin ƙorafi ba ne. Ciwon General Motors ya girmi karayar 2008, domin ya shafe shekaru yana asarar kasuwa a hannun kamfanonin Japan masu ƙananan motoci masu ƙarko. Chrysler kuwa karo na biyu ke nan ana cetonsa: a 1980 gwamnatin Jimmy Carter ta tsaya masa a kan bashin dala biliyan 1.5, ya biya a 1983, bayan shekara ashirin da 'yan kai ya sake dawowa da ƙoƙon bara. Babban kamfani in ya gane cewa ba za a bar shi ya mutu ba, yakan rage taka-tsantsan, riba tasa, asara ta jama'a. Birnin Detroit kansa, wanda aka ce dominsa ake yi, ya karye a 2013 saboda bashi. Kuma mai ƙaramin gareji a Amurka wanda ya rufe a lokacin karayar 2008 bai ga ko sisi ba, kamar yadda ba ka gani ba.

Akwai kuma inda aka yi ceton ya zama zuba ruwa a rariya. A 1975 gwamnatin Harold Wilson ta Birtaniya ta karɓe kamfanin ƙera motoci na British Leyland, ta yi ta zuba masa kuɗin jama'a shekara da shekaru ba tare da an gyara ingancin motocin ko rikicin da ke tsakanin ma'aikata da shugabanni ba. Aka yi ta sauya masa suna da masu shi, ya ratsa hannun BMW, har ragowarsa mai suna MG Rover ta rushe a 2005, mutum wajen 6,000 suka rasa aiki a Longbridge da ke Birmingham. Sunan MG yanzu na wani kamfanin Sin ne. Ostireliya ma ta daɗe tana tallafa wa masu ƙera mota, amma Ford ya rufe a 2016, Toyota da Holden suka bi shi a 2017. Koriya ta Kudu ta bi wata hanya lokacin rikicin kuɗi na 1997: Kia ya karye, Hyundai ya saye shi a 1998, Daewoo kuma, mai Tico da Matiz ɗin da suka cika titunanmu a matsayin tasi, ya koma hannun General Motors a 2002. Masu kamfanonin sun tafi, masana'antun da ƙwarewar ma'aikata suka zauna, kuma ga inda Kia ya kai yau.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Kaduna. Kamfanin Peugeot na Najeriya ya fara haɗa motoci a 1975, kuma duk wanda ya yi wayo a wancan zamani ya san darajar 504. Gwamnati ce babbar mai saye, sassan motar kuwa yawancinsu daga Faransa ake kawo su. Da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 naira ta faɗi, kuɗin sassan ya ninka, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin gwanjo daga Turai suka mamaye kasuwa. An sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa, bashi ya danne shi, har hukumar AMCON mai karɓar basussukan bankuna ta karɓe shi a 2012. Ko nawa aka ba shi a lokacin, kuɗin zai bi jirgin ruwa ne ya koma wurin masu ƙera sassan.

Wannan ne ya kawo mu gida. Tun da aka fito da manufar bunƙasa harkar motoci a 2019, Volkswagen ya fara haɗa mota a Accra a 2020, Toyota ya buɗe a Tema a 2021, Nissan ya biyo baya a 2022. Na yi murna da zuwansu, kuma ina fata su yi ƙarfi. Amma aikin da ake yi a waɗannan wurare yawancinsa haɗa abin da aka ƙero a waje ne, injin da gangar jiki suna zuwa a cikin kwantena, ma'aikatan kuma ba su kai ko kusa da yawan na masana'antar Detroit guda ba. Babu ɗaruruwan ƙananan kamfanoni a bayansu da za su faɗi tare da su. Iyayensu kuma suna Jamus da Japan, sun fi baitulmalin Ghana ƙarfi nesa ba kusa ba, ga shi dama an ɗauke musu harajin riba na shekaru da kuɗin fito a kan sassan da suke shigowa da su. Dalilin da ya halatta ceton General Motors, wato tsoron kada faɗuwar kamfani ɗaya ta ja miliyoyin mutane, babu shi a nan. Namu na gida, irin Kantanka da Apostle Kwadwo Safo ya kafa a Gomoa Mpota, da Neoplan mai ƙera bas-bas a nan Kumasi tun 1974, wanda gwamnati ce ke da mafi yawan hannun jarinsa, matsalarsu ta rashin mai saye ce. Neoplan ya sanar a farkon 2020 cewa zai rufe saboda ya daɗe bai samu kwangila ba, alhali ƙasar tana shigo da bas daga waje. Abin yana yi mini ciwo duk lokacin da na tuna, domin mai kamfani ne da kansa ya tsallake shagonsa ya je saye a wani wuri.

Sai batun aljihu. Amurka da kuɗinta take cin bashi, kuma a 2009 duniya tana rububin ranta mata a kan ruwa kaɗan. Mu kuwa a 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura sidi 13, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, ta kuma sauya sharuɗɗan bashin cikin gida, har a farkon 2023 tsofaffi 'yan fansho suka riƙa zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi. Sai a watan Mayu na 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 3. Kafin wannan ma mun ɗanɗana ceto: gyaran bankunan da aka fara a 2017 da faɗuwar UT Bank da Capital Bank ya ci sama da sidi biliyan 20, kuma wannan nauyi yana cikin abin da ya karya mu daga baya. Gwamnatin da ke cikin irin wannan hali in ta ce za ta ceto kamfanin mota, daga kuɗin magani da na makaranta za ta yanko.

Na taɓa yini a Suame ina jiran a gama mini gyara, a shekarar da kake magana. Bushin roba ne ya mutu, mai kayan gyara ya faɗi farashi da safe, da aka koma bayan azahar ya ce dala ta motsa. Sai wani dattijo ya jawo guntun tsohuwar tayar babbar mota, ya ɗora tsohon bushin a kai ya zana, ya yanka, ya riƙa ferewa da wuƙa yana gwadawa har ya zauna daidai. A gefensa wani yaro ya shimfiɗa takarda mai kauri a bakin inji yana bi da ƙaramar guduma a hankali, kafin in ankara gaskit ta fito da ramukanta cif. Motar ta kai ni Tamale ta dawo. Tun ranar nake cewa in ana neman masana'antar mota ta Ghana wadda dubun-dubatar iyalai ke ci daga gare ta, wadda in ta tsaya trotro, wato ƙananan bas-bas na haya, da motocin doya da na tumatir za su tsaya, to tana Suame da Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra. Ku ne kuke a matsayin da Detroit take a Amurka, ko da yake ba ku da shugaban da zai je gaban majalisa.

Saboda haka ga abin da zan goyi baya in tattalin arziki ya sake karyewa, Allah ya kiyaye. Motocin da gwamnati za ta saya ko ta halin ƙaƙa, na 'yan sanda da asibitoci da makarantu, ta saye su daga masu haɗawa a gida, ta biya a kan lokaci, bisa sharaɗin cewa kowace shekara za a ƙara yawan sassan da ake yi a ƙasar, a fara da batir da sifirin da kujeru da gilashi, a kuma buga alƙaluman kowa ya gani. A ba masu sana'a irinku rance mai sauƙin ruwa na sayen injinan aiki, da wutar lantarki tsayayya, da horo a kan na'urar gano cutar motocin zamani, domin motar yau kwamfuta ce ke tafiyar da ita, bakaniken da bai iya karanta ta ba kuma kasuwarsa tana raguwa. In kuwa wata rana muka samu kamfanin da ya yi girman da faɗuwarsa za ta ja dubbai, kuma ya tabbata cewa lokaci ne ya kayar da shi, motarsa tana da masu so, to a taimake shi da rance ko a karɓi hannun jari, masu shi su fara ɗaukar asara, shugabannin da suka kai shi ramin su sauka, a kuma sa ranar da gwamnati za ta fita tun kafin ta shiga. Ka gaishe mini da ɗan naka, ka ce masa ya binciki abin da ya sami masu hannun jarin General Motors na dā, sannan ku sake zama.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ina da trotro biyu da nake ciyar da marayu da su. Na ji an ce gwamnati tana so ta hana shigo da tsofaffin motoci don masu haɗa mota a gida su samu kasuwa. Wannan ba ceto ba ne da kuɗinmu, ko da ba a kira shi haka ba?

Daga wata mai karatu a Nima, Accra

Amsa

Barka kadai, Hajiya, Allah ya raya marayun. Kin gano abin da mutane da yawa ba su gani ba. Majalisa ta yi wa dokar kwastan gyara a 2020, inda ta hana shigo da motocin da suka yi mummunan haɗari a waje da waɗanda suka wuce shekara 10, ta kuma tanadi ƙarin kuɗin fito a kan irin motocin da ake haɗawa a gida. An shirya fara aiki da hanin a watan Nuwamba na 2020, amma dillalan motoci da masu kayan gyara suka yi ca, gwamnati ta jingine shi. Irin wannan kariya tallafi ce, bambancinta da na Amurka shi ne ba ta fitowa a kasafin kuɗi, tana fitowa ne daga hannun mai sayen mota, daga nan ta gangara kan fasinjan da ke hawa motarki daga Nima zuwa Circle.

Ina goyon bayan hana motocin da ruwa ya ci ko waɗanda ƙashin bayansu ya karye aka like, domin rayuka ake ɗauka a cikinsu. Amma hana mota saboda shekarunta kawai, a ƙasar da ruwan bashin banki ya haura kashi 30 cikin ɗari a 2023, zai sa ki ci gaba da lallaɓa wadda ta fi tsufa ne, tunda sabuwar ba ta shiga lissafinki. Kafin a rufe waccan ƙofa ya kamata a ga ƙaramar bas mai kujeru 15 da aka haɗa a Tema ko Kumasi, da banki ko ƙungiyar direbobi da za su ba ki ita ki riƙa biya daga kuɗin da direba ke kawowa kullum, cikin shekara huɗu ko biyar, da kayan gyaranta a Abossey Okai a farashin da kika sani. In kina cikin ƙungiyar masu motoci ta tasharku, wannan ita ce buƙatar da nake ba ki shawarar ku rubuta ku kai wa ɗan majalisarku.